Fikafikan kaza: tsumawa da dafawa a gida

Fiffiken kaza shi ne ɓangaren da ya fi kowane ɓangare na kaza yawan fata idan aka kwatanta da tsokar da ke jikinsa, kuma wannan fatar ce ke sa yana da daɗi, ita ce kuma ke sa yana ba wa mutane wahala wajen girki. Gaɓa uku ne da shi. Akwai ta farko da ke manne da ƙirji, mai ƙashi ɗaya, wadda ta yi kama da ƙaramar cinya, sai ta tsakiya mai faɗi mai ƙasusuwa biyu siraru, sai kuma ɗan tsinin ƙarshe wanda kusan fata ce da guringuntsi kawai. Yawancin masu girki suna yanke tsinin su ajiye don romo, su raba sauran biyun daga kan gaɓa, in wuƙa ta samu mahaɗar daidai ba sai an sara ƙashi ba, wucewa take yi da kanta. Kilo 1 na fikafikan kajin gona yakan kai guda 10 zuwa 12 kafin a raba su.

Inda ya yi suna

Ko ina ana cin fiffike tun da ana cin kaza, amma a matsayin abinci mai zaman kansa a Amurka ya yi tashe. Labarin da aka fi sani shi ne na garin Buffalo a jihar New York, inda a 1964 wata mata mai suna Teressa Bellissimo ta gidan abinci na Anchor Bar ta soya fikafikai a mai, ba ta shafa musu fulawa ba, ta juya su cikin jan miyar barkono da bota. A lokacin fiffike abu ne mai arha da ake jefawa cikin tukunyar romo. Akwai kuma masu cewa John Young, wani baƙar fata da ke da shago a garin, shi ma yana sayar da soyayyun fikafikai da tasa miyar a shekarun 1960 ɗin, don haka maganar wanda ya fara har yanzu ana jayayya a kai. A 1977 garin Buffalo ya ware ranar 29 ga Yuli a matsayin ranar fiffiken kaza, yanzu kuma ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka tana ƙiyasin cewa ana cin sama da biliyan 1 a ƙarshen makon Super Bowl kaɗai, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Koriya ta Kudu nata salon daban ne, suya sau biyu ake yi sannan a mulke da miya mai zaƙi da yaji, garin Nagoya na Japan kuma an san shi da fiffike mai masoro da riɗi.

Abin da tsumawa ke yi da abin da ba ta yi

Tsumawa ita ce a cuɗanya ɗanyen nama da gishiri da kayan ƙamshi, wani lokaci da abu mai tsami ko mai, a ajiye shi na ɗan lokaci kafin ya hau wuta. To a nan ne mutane da yawa suke da wata fahimta da ba daidai ba, ana ɗauka in an jibga kayan ƙamshi kala goma an bar shi ya kwana duk za su ratsa har ƙashi, alhali gishiri ne kusan kaɗai ke shiga can ciki. Citta, tafarnuwa, kori, tayim, kanumfari, duk aikinsu a saman nama yake, ba sa wuce ɗan ƙaramin zurfi. Gishiri kuwa da farko yana jawo ruwa waje, za ka ga naman ya yi gumi, daga baya ruwan ya narkar da gishirin ya koma ciki da shi, ya sassauta tsokar yadda za ta riƙe ruwanta in ta ji wuta. Shi ya sa fiffiken da ya sha gishiri tun daren jiya yake da ɗanɗano har kusa da ƙashi kuma ba ya bushewa, wanda aka barbaɗa wa a bakin kasko kuma sama gishiri ciki lami.

Ma'aunin da ke aiki shi ne giram 10 zuwa 12 na gishiri ga kilo 1 na nama, wajen ƙaramin cokalin shayi 2 ke nan. In za a sa magi sai a rage, don shi ma rabinsa ko fiye gishiri ne, haka ma a rage in akwai soya sos a ciki, wato baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken soya.

Tsami kuma abu ne da ke son hankali. Lemon tsami da binega suna canza saman naman, za ka ga ya fara yin fari kamar an ɗan dafa shi, in aka bar shi awa 1 ko 2 lafiya lau, amma in ya kwana a ciki saman yakan yi garas-garas kamar alli kuma ruwansa ya tsiyaye. Nono da yogot sun fi sauƙin hali nesa ba kusa ba, tsaminsu ba mai kaifi ba ne, ana iya barin nama cikinsu tun dare har safe, kuma dama da yogot ake tsuma kazar tanduri a Indiya. Gaskiya ga wanda yake son laushi da kala mai kyau in an gasa, yogot marar suga ya fi lemon tsami. Sai ɗanyar gwanda da abarba, su kuma suna da wasu sinadarai da ke narkar da tsoka kai tsaye, papain a gwanda, bromelain a abarba, ɗanyar citta ma tana da irin nata. Ga fiffiken kazar gona ba a ma buƙatar su, in ma an sa abarba kar ta wuce minti 30 don naman zai dagargaje ya zama ba shi da daɗin tauna.

Haɗin da ya wadatar ga kilo 1 bai da yawa: gishiri, tafarnuwa sala 4 ko 5 a daka da ɗanyar citta kamar tsawon yatsa, masoro, garin barkono ko attarugu gwargwadon ƙarfin mai ci, da man gyada babban cokali 2, man yana ɗaukar ƙamshin ya baza shi ko ina. A zuba a roba mai murfi ko kwanon tangaran ko leda mai zif, ban da tukunyar alminiyom in akwai tsami a ciki saboda tana sa wani ɗanɗanon ƙarfe. Awa 4 zuwa 12 ya isa.

Lafiya

Ɗanyar kaza tana iya ɗauke da ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter masu sa gudawa da zazzaɓi, kuma kayan ƙamshi ko lemon tsami ba sa kashe su, wuta ce kaɗai ke yi. A firij ake tsumawa, sanyin digiri 4 na ma'aunin Celsius ko ƙasa, kuma kar ya wuce kwana 2. Inda wutar NEPA ba tabbas gara a tsuma na minti 30 zuwa awa 1 a dafa kawai, da a bar shi ya kwana a firij ɗin da ya huce tun magariba. Ƙa'idar ita ce nama kar ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1, wanda a watan Afrilu kusan kullum ke nan. Hukumomin kula da abinci na Amurka da Birtaniya ma suna cewa kar a wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo don ruwan yana fantsama ƙwayoyin kan kwanuka da kayan salak, amma kazar da aka yanka aka fige a kasuwa dole a wanke ta, sai dai a yi a cikin roba a hankali, sannan a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu. Ruwan tsumin da ya rage kar a zuba shi kan dafaffen nama sai an tafasa shi sosai.

Nama ya nuna in cikinsa ya kai digiri 74. Amma fiffike ya fi daɗi in ya wuce haka, wajen 80 zuwa 85, saboda jijiyoyi da fatar da ke jikinsa sai a nan suke narkewa su ba da wannan danƙon, naman ya riƙa saɓulewa daga ƙashi. Ja-ja da ake gani jikin ƙashin kajin gona sau da yawa daga ɓargo yake fitowa don ƙashinsu bai gama ƙwari ba, musamman in sun kwana a firiza, ba lallai alamar ɗanye ba ce.

Dafawa

Abu ɗaya da ya fi komai tasiri shi ne fata ta bushe kafin ta ga wuta. Jiƙaƙƙiyar fata turara take yi, sai ruwan ya ƙone kafin ta fara yin ja, kafin nan naman ya gaji. A tsane shi, a goge da tishu ko tsumma mai tsabta, in da hali a jera su kan ragar waya a firij ba murfi su kwana, da safe za ka ga fatar ta ɗame ta yi ɗan sheƙi, wannan ita ce za ta yi ƙaras-ƙaras. Masu gashi a oben suna ƙara bakar hoda (baking powder, hodar da ke sa kek ya tashi) kamar ƙaramin cokali 1 ga rabin kilo, tana taimaka wa fatar ta yi ja da wuri ta yi ƙananan ƙuraje masu garɗi. Bakar hoda fa, ba sodar girki (baking soda) ba, soda ɗaci take sa wa.

A oben, digiri 200 zuwa 220, minti 40 zuwa 45, a juya sau ɗaya, kuma a bar tazara tsakaninsu. A na'urar suya da iska minti 20 zuwa 25 a digiri 200. Suya a mai tana son zafin digiri 175 zuwa 190 na minti 10 zuwa 12, kaɗan-kaɗan ake sawa don in an cika kasko man sai ya huce naman ya sha shi. Suya biyu irin ta Koriya, a fara da wuta matsakaiciya a kwashe ya huta, sannan a mayar a mai mai zafi sosai na minti 2 ko 3.

Gawayi ya fi duka ƙamshi amma ya fi saurin ƙona abu, kitsen fiffike yana ɗiga wuta ta tashi. Sai a jira garwashi ya yi toka-toka, a tara shi gefe guda, a fara gasa naman a gefen da ba garwashi sannan a matso da shi a ƙarshe. Yajin ƙuli irin na masu tsire yana tafiya da fiffike sosai, amma ƙuli yana baƙi da wuri, a sa kaɗan da mai kafin gashi a barbaɗa sauran bayan an sauke. Zuma da suga ma haka, a mintuna 5 na ƙarshe ake shafa su.

Duk wannan lissafin na kazar gona ne, wadda ake yankawa tana da sati 6 zuwa 8. Kazar Hausa ta fi ta ɗanɗano amma fiffikenta siriri ne mai tauri, in aka jefa shi mai kai tsaye bushewa zai yi, ita dai sai an fara tafasa ta da albasa da citta da tafarnuwa har ta yi laushi, a tsane, sannan a soya sama-sama ko a juya cikin soyayyen jajjagen attarugu da tattasai. Abin da ya rage ana ajiye shi a firij kwana 3 zuwa 4, in za a ɗumama kuma oben ko busasshen kasko ya fi, don tiriri yana mayar da fatar laɓa-laɓa.