A Ingila gadon sarauta ba ya kwana babu kowa

Ranar 8 ga Satumba 2022, da labarin rasuwar Sarauniya Elizabeth ya iso Yamai, hirar fada duk ta koma kanta. Ana zuba shayi ana tambaya: yanzu wa za su zaɓa? Har yau akwai masu cewa ɗanta Charles bai zama sarki ba sai ranar 6 ga Mayu 2023, da aka ɗora masa kambi.

Ba haka abin yake ba, sai dai ba laifinmu ba ne. A nan mun saba in sarki ya rasu a yi zaman makoki, 'yan sarki su fito takara, masu zaɓe su zaɓa, gwamnati ta tabbatar, sannan a naɗa rawani. Su kuwa can doka ta riga ta jera magada. Numfashin uwar na tsayawa a gidanta na Balmoral, ɗan ya zama sarki. Taron da aka yi bayan kwana biyu shela ce kawai, bikin kambi kuma na addini ne da al'ada.

Ita kanta marigayiyar tana ziyara a Kenya mahaifinta ya rasu, ranar 6 ga Fabrairu 1952. Ta koma gida tana sarauniya, amma kambi sai 2 ga Yuni 1953. Yayan mahaifinta, Edward na takwas, ya hau gado ya sauka a 1936, kambi bai taɓa hawa kansa ba.