Yaƙin Faransa a Masar da Sham (1798–1801)

Yaƙin Faransa a Masar da Sham shi ne mamayar da rundunar Faransa ta kai ƙasar Masar a shekarar 1798 ƙarƙashin Janar Napoleon Bonaparte, daga nan ta zarce Falasɗinu. Mamayar ta ƙare a 1801, da Faransawa suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da na Daular Usmaniyya ta Turkawa. Masana tarihi da yawa suna ɗaukar ta a matsayin mafarin shigar Turawa ƙasashen Larabawa da ƙarfin bindiga a wannan zamani.

Dalilin yaƙin

A lokacin Masar tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Istambul, Salim na Uku, amma da suna kawai. Ainihin iko yana hannun Mamalik, jarumawan doki waɗanda asalinsu bayi ne da aka sayo daga yankin Kaukasus, kuma manyansu biyu su ne Murad Bey da Ibrahim Bey. Faransa kuwa tana cikin yaƙi da Ingila. Da shugabanninta suka ga tsallaka teku zuwa Ingila ba zai yiwu ba, sai suka yanke shawarar kama Masar don su datse wa Ingila hanyar Indiya.

Rundunar ta tashi daga tashar Toulon ranar 19 ga Mayu, 1798, da sojoji kimanin 35,000 da masana fiye da 150. Ta ƙwace tsibirin Malta a hanya, ta sauka kusa da Iskandariyya ranar 1 ga Yuli, washegari birnin ya faɗi.

Alƙahira da Abu Ƙir

Napoleon ya zo da takardar shela da aka buga da Larabci, wadda ta buɗe da Bismillah. A ciki ya ce yana girmama Annabi (SAW) da Alƙur'ani, kuma ya zo ne ya kuɓutar da talakawa daga zaluncin Mamalik. Malaman Alƙahira ba su ruɗu ba. Abdurrahman al-Jabarti, malamin tarihi da ya ga abubuwan da idonsa, ya bi takardar layi-layi yana fito da kurakuran nahawunta, yana kuma ƙaryata da'awarta.

An gwabza ranar 21 ga Yuli a Imbaba, daura da Alƙahira, a yaƙin da Turawa ke kira na Dalar Giza. Faransawa suka jera kansu murabba'i-murabba'i, bindigogi ta kowace fuska, igwa a kusurwoyi. Mahayan Mamalik suka yi ta kai sukuwa suna zubewa kafin takobinsu ya isa ga kowa. Murad ya gudu kudancin Masar, Ibrahim ya nufi Sham.

Murnar ba ta wuce kwana goma sha ɗaya ba. Ranar 1 ga Agusta, Admiral Horatio Nelson na Ingila ya tarar da jiragen yaƙin Faransa a mashigin Abu Ƙir, ya afka musu da almuru. Babban jirginsu, L'Orient, ya kama da wuta ya fashe, kwamandan jiragen Faransa Admiral Brueys ya mutu, kuma cikin manyan jirage 13 biyu kaɗai suka tsira. Tun daga wannan dare rundunar ta zama a kulle cikin ƙasar da ta ci: babu hanyar komawa gida, babu gudunmawa mai isowa.

Napoleon ya kafa majalisar malamai, Diwan, da Shehu Abdullahi al-Sharƙawi a kanta, ya kuma ɗauki nauyin bikin Mauludi. Amma haraji ya yi nauyi, ana shiga gidaje ana ƙidayar dukiya, ana cire ƙofofin unguwanni. Ranar 21 ga Oktoba mutanen gari suka yi bore, suka kashe Janar Dupuy. Faransawa suka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, sannan suka shiga masallacin a kan dawakai. Al-Jabarti ya ruwaito cewa sun ɗaure dawakan a wajen alƙibla, sun watsar da littattafai da Alƙur'anai a ƙasa suna takawa. Bayan wannan babu wata shela da za ta sake shiga kunnen kowa.

Tafiya Sham

A Fabrairun 1799 Napoleon ya ɗebi sojoji kimanin 13,000 don ya tari rundunar Usmaniyya kafin ta iso. Ya ci Arish da Gaza, ya ci Yafa ranar 7 ga Maris. A Yafa ne aka yi abin da ya fi muni a yaƙin duka: fursunoni fiye da 2,000 da suka riga suka ajiye makamai aka kai su bakin teku aka kashe. Uzurin da aka bayar, wai babu abincin ciyar da su kuma wasunsu sun karya alkawarin daina yaƙi da suka yi a Arish, bai wanke wannan jini ba. Nan kuma annoba ta ɓarke cikin sojojinsa.

A Akka ya gamu da gamonsa. Gwamnan birnin, Ahmad Pasha al-Jazzar, ya ƙi buɗe ƙofa, kuma Sidney Smith na Ingila ya kama jiragen da ke ɗauke da manyan igwogin Faransa ya juya igwogin kan masu su. Wata biyu ana kai hari ganuwa ba ta faɗi ba, a Mayu suka juya Masar da majinyata. Duk da haka Napoleon ya ci wata rundunar Usmaniyya a Abu Ƙir ranar 25 ga Yuli. A watan Agusta ya sulale ya hau jirgi zuwa Faransa, inda ya yi juyin mulki a Nuwamba.

Ƙarshen mamaya

Janar Kléber da aka bar wa ragama ya so a kwashe sojoji a tafi. Ya ƙulla yarjejeniyar Arish a Janairun 1800, Ingila ta ƙi amincewa, yaƙi ya dawo. Ya yi nasara a Ain Shams ranar 20 ga Maris, ya murƙushe bore na biyu na Alƙahira, aka ƙone unguwar Bulaƙ. Ranar 14 ga Yuni wani matashi ɗan Halab da ya yi karatu a Azhar, Sulaiman al-Halabi, ya daɓa masa wuƙa ya kashe shi. Kotun sojan Faransa ta sa aka ƙone hannunsa, aka tsire shi.

Magajinsa, Janar Menou, ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi, ya auri wata 'yar garin Rashid. Sojojin Ingila suka sauka a Maris 1801, Alƙahira ta sallama a Yuni, Iskandariyya a ƙarshen damina, aka kwashe ragowar Faransawa a jiragen Ingila.

Abin da ya biyo baya

Masanan da aka zo da su sun kafa cibiyar bincike a Alƙahira, sun auna ƙasa, sun zana tsoffin gine-gine da tsirrai da sana'o'i, aikin da aka fara bugawa a 1809 da sunan Description de l'Égypte, wato Bayanin Masar. A Yulin 1799 sojoji masu gyaran ganuwa a Rashid suka tono wani dutse mai rubutu iri uku. Ingila ta karɓe shi, yana gidan tarihi na Landan tun 1802, kuma da taimakonsa masanin Faransa Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822.

A siyasa, yaƙin ya karya ƙarfin Mamalik. Cikin sojojin da Istambul ta turo akwai wani hafsa a rundunar Albaniyawa, Muhammad Ali, wanda malaman Alƙahira da shugaban sharifai Umar Makram suka mara wa baya ya zama gwamna a 1805. A 1811 ya gayyaci manyan Mamalik fadar Ƙal'a ya sa aka hallaka su, kuma zuriyarsa ta riƙe sarautar Masar har zuwa 1953.