Hank Williams

Hiram Williams, wanda duniya ta sani da Hank Williams (1923–1953), mawaƙi ne kuma marubucin waƙoƙi ɗan Amurka, ɗaya daga cikin jiga-jigan kiɗan karkarar ƙasar, musamman salon da ake kira honky tonk. Sunan salon ya samo asali daga mashayun da leburori da direbobi ke cika wa dare a kudancin Amurka, inda hayaniya kan sa dole makaɗa su ƙara ƙarfin kiɗa. Waƙoƙinsu kuwa ba su wuce zancen giya, cin amanar masoyi da kaɗaici ba.

An haife shi ranar 17 ga Satumba, 1923, a Mount Olive da ke jihar Alabama. Tun yana ɗan shekara bakwai aka kwantar da mahaifinsa, tsohon soja, a asibiti na tsawon shekaru, sai riƙon gida ya koma hannun mahaifiyarsa Lillie, mai gidan saukar baƙi. Shi kansa an haife shi da naƙasa a ƙashin baya, ciwon da bai taɓa sakinsa ba. Jita kuwa ya koya ne a wurin Rufus Payne, wani baƙar fata mai kiɗa a bakin titi, wanda ake wa laƙabi da Tee Tot. Daga gare shi ya ɗauki zubin blues, salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka, da ake ji a muryarsa.

A 1937 iyalin suka koma Montgomery, inda ya fara waƙa a gidan rediyon WSFA, ya kuma kafa ƙungiyarsa, Drifting Cowboys. Ya auri Audrey Sheppard a 1944. Ƙofa ta buɗe masa a 1946, lokacin da ya haɗu da Fred Rose, mai kamfanin buga waƙoƙi a Nashville, wanda ya zame masa uban gida kuma ya kai shi kamfanin faifai na MGM. Abin mamaki, waƙar da ta ɗaga shi, "Lovesick Blues" ta 1949, ba shi ya rubuta ta ba, tsohuwar waƙa ce, kuma Rose bai so a ɗauke ta ba. Ta yi mako 16 a sahun farko na jerin waƙoƙin karkara da suka fi kasuwa, ta kuma shigar da shi dandalin Grand Ole Opry, shahararren shirin rediyo na kiɗan karkara a Nashville, a watan Yunin shekarar.

Ƙarfinsa na gaske yana wajen rubutu. Kalmomi yake ɗauka na yau da kullum, ya tsara su ta yadda manomi da ɗan birni duk za su ji da su ake. Da Tony Bennett, mawaƙin kiɗan zamani na birni, ya rera "Cold, Cold Heart" a 1951, waƙar ta tsallaka zuwa kunnen waɗanda a da ke raina kiɗan ƙauye.

Amma giya da magungunan kashe raɗaɗi sun ci ƙarfinsa, musamman bayan tiyatar baya a ƙarshen 1951. A 1952 aurensa ya mutu, aka sallame shi daga Opry saboda maye da rashin zuwa wasa, sannan ya auri Billie Jean Jones. Ranar 1 ga Janairu, 1953, aka tarar ya rasu a kujerar bayan motarsa Cadillac a Oak Hill, jihar West Virginia, a hanyar zuwa wasa a Canton, jihar Ohio. Shekarunsa 29. "Your Cheatin' Heart" ta fito bayan rasuwarsa. A 1961 yana cikin mutum uku na farko da aka shigar zauren girmama mawaƙan karkara, tare da mawaƙi Jimmie Rodgers da Fred Rose.