Dokar hawa kwale-kwale: abin da NIWA ta hana, da wanda ta wajabta

Jama'a da yawa ba su ma san akwai dokar ruwa a Najeriya ba, a zatonsu in ka biya mai fito kuɗinsa ka shiga jirgi shikenan. To akwai ta, hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, kuma ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da ta fitar sun hau kan matuƙi da fasinja duka.

Babbar magana ita ce rigar kariya, wato laif jaket. Babu riga babu shiga jirgi, kuma kafin a tashi ake sa ta, ba sai ruwa ya fara shigowa ba. Na taɓa gani da idona a wani mashigi an raba rigunan, wata baiwar Allah ta ninke tata ta zauna a kai saboda katakon ya jiƙe, wani kuma ya rataya a wuya bai ɗaure igiyar ba. Irin wannan yana faɗawa ruwa rigar za ta sulluɓe ta kansa ta tafi abinta. Masu cewa ai ni na iya iyo, ɗan'uwa da babbar riga a jikinka, ga mutum uku sun cakume ka kowa na neman ransa, iyon me za ka yi? Sa rigar nan bai taɓa tawakkalinka ba wallahi.

Sai obalodi. Kowane jirgi yana da iya abin da zai ɗauka, kuma kaya ma lodi ne, buhunan masara, babura, awaki. Ranar kasuwa za ka ga tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce yatsu huɗu ba amma ana ta a matsa a matsa, igiyar ruwa ɗaya ta isa. Haɗarin Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 lodi ne ya yi yawa, na Bagwai a Kano a Nuwamban shekarar ma haka, yawancin fasinjojin na Bagwai ɗaliban Islamiyya ne za su Mauludi. Har yau in na tuna yaran nan sai jikina ya mutu.

Tafiyar dare kuma haramun ce a dokar. Dalilin a fili yake, matuƙi ba ya hango kututturen da ke cikin ruwa, in jirgi ya kife ma masu ceto ba sa ganin kowa. Haɗarin Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023 cikin dare ne, ƴan biki suna dawowa, sama da mutum 100 suka rasu.

Jirgin da ke haya dole a yi masa rajista, matuƙin ma ya samu lasisi, kuma an hana tuƙi cikin maye. Wanda ya karya ana iya kama jirginsa a ci shi tara ko a kai shi kotu. Matsalar dai mashigai na ƙauyuka sun fi ƙarfin jami'an da ake turawa, wani wurin rigar ma babu ita, shi ya sa nake ganin ya kamata sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito su riƙa ƙirga mutane da kansu tun daga bakin gaɓa, gwamnatocin jihohi kuma su kai rigunan har da na yara, don ta babba ba ta riƙe yaro.