Ma'anar "Boot": Abin da Ake Nufi Idan Aka Ce Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfuta ya taɓa cin karo da ranar da ya danna maɓallin kunnawa, fanka ta fara juyawa, 'yan fitilu suka kama, amma maimakon hoton da ya saba gani sai baƙin allo ya tarbe shi da wasu kalmomin Turanci a kusurwa. Idan ya kai ta wurin mai gyara, abin da zai ji shi ne "ba ta yin butin." Mu kuma a Hausa mukan ce ta ƙi tashi, kamar yadda ake faɗa game da mota da sanyin safiya, kuma wannan lafazi ya dace ƙwarai, domin motar da ta ƙi tashi ba lallai ne injinta ya mutu ba. Sau da yawa batir ne ya yi sanyi ko wata waya ta kwance.

Kalmar da Turawa ke rubutawa boot, ake furta ta "but," gutsure ce daga bootstrap, wato ɗan maɗaukin fata da ke bayan dogon takalmi wanda ake ja idan za a sa ƙafa. Suna da wata tsohuwar magana a kan mutumin da zai ɗaga kansa sama ta hanyar jan wannan maɗauki, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Masana kwamfuta na farko sun ari kalmar ne saboda sun tarar da matsala mai kama da haka: kwamfuta ba ta iya ɗauko manhaja daga faifan ajiya sai da taimakon wata manhaja, alhali a lokacin da aka kunna ta babu komai a cikin ƙwaƙwalwarta ta aiki, wadda ake kira RAM. Maganin da suka samo shi ne irin na mai hura wuta a murhu, wanda ba ya kai ashana kan gungume kai tsaye. Ashana ce ke kama ƙirare, ƙirare su kama ƙananan itatuwa, sannan gungume ya ci. Butin shi ne wannan jerin matakai, inda ƙaramin shiri ke tayar da wanda ya fi shi girma, har a kai ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ko Windows ce, ko Linux, ko macOS.

Ashanar ita ce wata 'yar manhaja da kamfani ya dasa a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, wato motherboard, wanda sauran kayanta ke haɗe da shi, tun daga masana'anta, wadda ba ta gogewa idan an ɗauke wuta. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, kuma da ita kwamfutar IBM ta shekarar 1981 ta zo, wadda yawancin kwamfutocin tebur na yau suka gaji tsarinta. A sababbi an maye gurbinta da UEFI, ko da yake masu gyara har yanzu BIOS suke kiran duka biyun. Aikinta na farko shi ne ta duba ko kayan cikin suna nan lafiya, musamman RAM da sashen nuna hoto. Idan ta tarar da matsala a nan, kwamfutar takan yi ƙara "ƙit, ƙit" a jere ko fitilarta ta riƙa ƙiftawa, allon kuma ya zauna baƙi ƙirin. Wannan ba laifin Windows ba ne ko kaɗan, domin ba a ma kai gare ta ba tukuna, kuma sau da yawa cire RAM a goge bakinta a mayar da kyau yana wadatarwa.

Idan binciken ya wuce lafiya, sai ta nemi inda za ta miƙa ragama. A tsohon tsari tana karanta gurbin farko na faifan ajiya, wanda girmansa bai wuce bait 512 ba, ana kiransa MBR. A cikin wannan ɗan wuri aka cusa umarnin tayarwa da kuma taswirar yadda aka raba faifan, shi ya sa tsarin ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da 4, kuma a yawancin faifai ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2. A sabon tsari kuwa, ana ware wani ƙaramin yanki na musamman a faifan, wanda mai kwamfuta ba ya ganinsa a cikin jerin faifansa, a ajiye fayilolin tayarwa a can. Daga nan ne Windows Boot Manager ke tashi ya duba wani kundi mai suna BCD, wanda ya zo tare da Windows Vista ya maye gurbin tsohon fayil ɗin boot.ini, domin ya san a wane yanki Windows take zaune. Masu amfani da Linux kuma galibi GRUB ne ke yi musu wannan aiki.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya lura da kyau. Fayilolin tayarwa ƙanana ne, kuma wurinsu daban, wurin takardunka da hotunanka daban. Idan allo ya rubuta "BOOTMGR is missing" ko "Operating system not found," ko ya tsaya a kan "grub rescue," abin da yake cewa kawai shi ne ya rasa hanyar zuwa gidan. Gidan kansa, a mafi yawan lokuta, yana nan da kayansa cif. Abin da ke damuna shi ne yadda a shagunan gyara da yawa amsar farko ita ce "sai an yi mata fomatin," wato a share faifan gaba ɗaya a ɗora sabuwar Windows. Na fahimci dalilin, domin aikin ba ya cin lokaci kuma kusan kullum kwamfutar takan tashi bayansa. Amma wanda ya zo da ita yakan koma gida babu aikin shekaru, alhali abin da ya lalace bai kai girman hoto guda na waya ba.

Na ga wannan da idona a kan kwamfutar wata ƙanwata da ke rubuta kundin kammala digiri. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, sai da wutar bango take aiki, kuma aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta Windows. Da aka dawo da wuta sai shuɗin allo da saƙon cewa akwai matsala a kundin BCD. Shagon da ta fara zuwa sun ce fomatin, ta dawo gida idanunta sun yi ja, domin babi huɗu na aikinta ba su da kwafi a ko'ina. Abin da muka yi shi ne muka samu filash da aka ɗora wa fayilolin girka Windows, muka soka, muka danna F9 yayin kunnawa saboda HP ce, da Dell ce F12 za a danna, muka zaɓi ta tashi daga filash ɗin. A shafin da ke da babban maɓallin "Install now" a tsakiya, akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasa ta hagu, "Repair your computer," wanda idon mai sauri ba ya kai wa gare shi. Ta nan muka shiga wurin rubuta umarni, muka fara tabbatar da harafin yankin da Windows take, domin a wannan yanayi ba lallai ne ya zama C ba, sannan muka yi amfani da umarnin bcdboot ya sake rubuta fayilolin tayarwa. Da muka zare filash muka kunna, sai ga hoton allonta da babi huɗun nan a jere inda ta bar su.

Akwai wasu umarnin da ake amfani da su a wannan wuri, kamar bootrec /fixmbr da bootrec /rebuildbcd, da kuma chkdsk mai duba lafiyar tsarin fayiloli. Windows 10 da 11 ma sukan shiga shafin gyara da kansu idan suka kasa tashi sau biyu a jere, su gwada abin da suke kira Startup Repair, wanda wani lokaci yakan yi nasara ba tare da an rubuta komai ba.

Wani sanadin da ya yawaita a wurinmu, saboda yawancin kwamfutocin da ke kasuwa na hannu ne da aka shigo da su bayan sun yi shekaru suna aiki, shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin babban allo, samfurin CR2032 mai ƙarfin lantarki volt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan kwamfuta tana kashe. Idan ya ƙare, kwanan wata yakan koma shekarun baya, saitin kuma ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har ya zama kwamfutar tana neman Windows ta tsohuwar hanya alhali an girka ta ta sabuwa, ko kuma yanayin da take magana da faifan ya sauya, sai a ga shuɗin allo mai cewa "INACCESSIBLE BOOT DEVICE." Canza batirin da mayar da saitin yadda yake shi ne dukan gyaran.

Mataki na ƙarshe shi ne lokacin da Windows kanta ta karɓi ragama ta fara loda direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da kayan jikin kwamfutar. Direba ɗaya mai matsala yana iya kayar da komai, kuma duniya ta shaida haka ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika da wani sabuntawa mai kuskure. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 ne abin ya shafa, aka soke tashin dubban jirage, ayyukan bankuna da asibitoci da dama suka samu tsaiko. Kwamfutocin suna fara tashi sai su faɗi, su sake farawa su sake faɗuwa. Gyaran da aka sanar shi ne a tayar da kowace ɗaya a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi, a goge fayil guda da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Wahalar ita ce sai da ma'aikata suka riƙa bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Wannan lamari ya fito da wani abu da ya shafi kowa, wato BitLocker, tsarin da ke kulle faifan ajiya ta yadda ba a karanta shi sai da mabuɗi. Kwamfutoci da yawa na zamani suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba, kuma idan aka zo gyara sai su nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi tana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Duk mai kwamfuta ya kamata ya nemo wannan lamba tun tana lafiya, ya rubuta ta a takarda ya adana, domin idan babu ita, babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan.

Akwai kuma yanayin da faifan ne da kansa yake mutuwa. Alamarsa ita ce BIOS ba ya ganinsa kwata-kwata, ko yana ganinsa yau gobe ya ɓace, ko kuma, idan tsohon faifai ne mai juyawa, a riƙa jin "ƙas, ƙas" daga ciki. A irin wannan hali bai kamata a yi ta kunnawa ana kashewa ba, kuma chkdsk ma yana iya ƙara masa rauni, domin yana tilasta masa karatu mai tsawo. Abin da ya dace shi ne a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux, wadda ke aiki ba tare da an girka ta ba, ko a ciro faifan a haɗa shi da wata kwamfutar, a kwashe fayiloli mafi muhimmanci tukuna zuwa wani wuri. Bayan an ga kwafin ya buɗe lafiya a can, sannan a zauna a yi maganar sabon faifai da sabuwar Windows.