Me ya sa gida ya gagari matasa a Kano? Tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da mai gidan da nake haya a Ɗorayi ya turo dillali da sabon kuɗin haya maganar nan ta hana ni sakat, kuma duk majalisar da na zauna zancen kenan. Ga abubuwan da aka fi tambaya, da abin da na sani a kai.

Wai me ya sa haya da gini suka yi tashin gwauron zabi haka?

Na farko dai Kano ta cika. A ƙidayar 2006 ma jihar ta haura mutum miliyan 9, kuma tun daga lokacin kullum shigowa ake, wani kasuwa ta kawo shi Kwari ko Singa ko Dawanau, wani rashin tsaro ya koro shi daga Zamfara ko Borno, kowa kuma sai ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Sai kuma aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira, komai na gini ya bi, rodi, kwano, katako, har tifar yashi. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti sai da ya wuce naira 10,000. To ka ɗauki mafi ƙarancin albashi da Kano ta sa a 2024, naira 71,000, buhu bakwai kenan a wannan farashin in mutum bai ci ba bai sha ba bai hau adaidaita ba. Ga masu kuɗi kuma sun mai da fili asusu, tunda naira narkewa take sai mutum ya sayi fuloti biyar ya kewaye ya sa get ya tafi abinsa.

Amma iyayenmu suna cewa su ma da wahala suka gina nasu, mu ne ba ma son wahala. Ba gaskiya suka faɗa ba?

Sun sha wahala, wannan ba musu. Mahaifina ya sayi fili a Kurna lokacin da wurin gonaki ne, ya yi ɗaki ɗaya da tubalin ƙasa muka tare ko filasta babu, buhu aka rataya a taga, duk shekara in ya kwashi adashi ya ƙara ɗaki, har gida ya zama gida. Ranar da na kai masa kukan haya cewa ya yi, kai ma ka fara da ɗaki ɗaya mana. Na ce Baba Allah ya ƙara girma, ɗaki ɗayan a kan wane fili zan ɗora shi? Ya yi shiru ya daɗe yana jan carbi, don ya san Kurnar da ya saya da kuɗin ɗinkin keke yau ko ma'aikaci mai digiri ba zai tunkare ta ba.

Sannan da akwai gidan gado. A cikin birni da, in saurayi zai yi aure sai a yanka masa wani sashe a gidansu ko a gyara masa soro, shi kenan an wuce wurin. Yanzu gidan kaka ɗaya magada talatin ko fiye, ba ya yankuwa, sai dai a sayar a raba, kowa ya tashi da abin da ko fegi ba zai saya masa a Bachirawa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne dattijon da ke cewa yaran yanzu sun cika son ƙarya, shi ne in aka zo neman 'yarsa tambayarsa ta farko ina zai ajiye ta, kuma ba ya son jin gidan haɗaka, sai mai falo da tayil da banɗaki a ciki. Haka ake ta ɗaga biki saboda ba a samu gida ba, lefe a ajiye yana shan ƙura, yarinya da yaro duk suna cikin damuwa.

To ba sai mutum ya sayi awon igiya, filin da ba gwamnati ta yanka ba, a bayan gari ba?

Shi akasari ake yi, wajen Gaida, Rimin Kebe, Ɗanbare, Janguza. Sauƙinsa a kuɗi ne kawai, lungu ko mota ba ta shiga, babu kwata, damina ta zo ruwa ya shiga ɗaki, kuɗin mota zuwa kasuwa kuma ya cinye abin da ka rage. In za ka saya don Allah kar ka tsaya kan takardar dillali da sa hannun mai unguwa kaɗai, ka bincika a hukumar rajistar filaye ta KANGIS da hukumar tsara birane ta KNUPDA ko wurin hanya ce ko an riga an ba wani, don fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon abu ba ne a garin nan.

Gwamnati fa, me ta yi?

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, shi ke ba da takardar mallaka, saboda haka ba wanda zai ce ba ruwan gwamnati. Gwamnatocin baya sun gina Kundila, Shagari Kwatas, Danladi Nasidi, kuma ma'aikata da yawa ta nan suka mallaki gida. A zangon Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje masu kyau wallahi, amma kuɗinsu ba na malamin firamare ba ne, da yawa suka shekara da shekaru a rufe ba kowa ciki. A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi rusau a wuraren da ta ce filayen al'umma ne aka cefanar zamanin Ganduje, irin su Daula Otal da shagunan filin Idi, aka yi ta cacar baki har kotu. Ko wane ɓangare kake, wannan rigimar ba ta rage wa mai ciki da falo ko sisi a hayarsa ba.

Bashin gida na gwamnatin tarayya fa?

Akwai asusun gidaje na ƙasa tun 1992, ana cire kashi 2.5 a albashin ma'aikaci, bankin lamunin gidaje na tarayya kuma ya ba da bashi da ruwan kashi 6. Matsala biyu ce. Mutanenmu da dama ba za su taɓa abin da ke da kuɗin ruwa ba, sannan tela da ɗan adaidaita da yaron shago a Kwari ba su da takardar albashin da za su nuna.

Me ya kamata mu tambayi masu neman ƙuri'a?

Ni dai duk wanda ya zo unguwarmu kamfen abu uku zan tambaye shi. Zai yanka ƙananan fulotai na awon gwamnati masu takarda, da titi da kwata da ruwa tun kafin a tare, a sayar wa wanda bai taɓa mallakar fili ba? Zai yarda a biya kaɗan-kaɗan ba ruwa? Kuma me zai yi wa kangwayen da aka kewaye aka kulle shekara goma a tsakiyar unguwa, ciyawa ta fi mutum tsawo a ciki, alhali maƙwabcin katangar shi da matarsa da yara biyar a ɗaki ɗaya suke kwana?