Me ake nufi da "dutse mai aman wuta"?

Idan labari ya zo cewa wani dutse ya yi aman wuta a Indunusiya ko Kwango, yawancinmu mukan ɗauka tsauni ne ya kama da gobara. Abin da ke fitowa kuwa dutse ne da ya narke, mai zafin digiri 700 zuwa 1,200, tare da toka da iskar gas. Ɓawon duniyar nan ba falle ɗaya ba ne, manyan ɓangarori ne da ke gusawa 'yan santimitoci a shekara. Inda biyu suka rabu, ko ɗaya ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa, dutsen cikin ƙasa kan narke. Da yake narkakken bai kai na kewaye da shi nauyi ba, sai ya riƙa hawowa ta tsagogi har ya sami mafita.

Ƙarfin aman ya danganta ne da kaurin narkakken dutsen da yawan gas ɗin da ke cikinsa. Duk wadda ta saba da tukunyar tuwo ta san wannan: talge yana tsinke, tururi kan fita salin-alin, da ya yi kauri kuwa sai ya riƙe tururin, ya fashe, ya fantsamo wa mai tuƙi a hannu. Na dutsen Nyiragongo da ke Kwango tsinkakke ne, shi ya sa a Janairun 2002 ya malalo da gudu ya ratsa tsakiyar birnin Goma. Na Pinatubo a ƙasar Filifin mai kauri ne, don haka ranar 15 ga Yunin 1991 ya fashe ya cilla toka sama da kilomita 30 cikin sararin sama.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yawanci dutsen kan nuna alama kafin ya yi ɓarna, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, sauraren sa dare da rana. Narkakken dutse ba ya hawowa sai ya farfasa duwatsun da ke gabansa, wannan kuma kan haifar da ƙananan girgizar ƙasa da ɗan'adam ba ya ji amma na'ura na kamawa. Jikin tsaunin kan kumbura, ana auna kumburin da GPS da tauraron ɗan'adam. Sannan ana bin sawun gas mai ɗauke da farar wuta da ke fita ta bakinsa.

A Pinatubo, masanan Filifin da na Amurka sun ga gas ɗin nan ya tashi daga tan 500 a rana zuwa sama da 5,000 cikin mako biyu a watan Mayu. Kwatsam sai ya ragu. Wani zai ce an sami sauƙi, su kuwa hankalinsu ne ya ƙara tashi, don sun yi zargin hanyar fitar ce ta toshe, gas na taruwa a ciki. Aka kwashe dubun-dubatar mutane. Duk da haka sama da 800 sun rasu, da yawansu saboda jiƙaƙƙiyar toka da ta rufto da rufin gidaje, amma an ƙiyasta kwashewar ta ceci aƙalla mutum 5,000.

Lamarin bai yi nisa da mu ba. Tsaunukan Biu a Jihar Borno tsofaffin duwatsun aman wuta ne, Dutsen Kamaru kuwa ya yi aman a 1999 da 2000. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru, wanda ke zaune cikin ramin tsohon aman wuta. Daren 21 ga Agustan 1986, iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasan ruwan ta ɓalle lokaci guda. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta shaƙe mutum sama da 1,700, ciki har da Fulani makiyaya, da dabbobi kusan 3,500. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don fitar da gas ɗin a hankali, aka ƙara biyu a 2011. A ɓangaren Najeriya kuma, ɗaya daga dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba shi ne tare ambaliya idan katangar tafkin ta ɓalle ruwan ya biyo kogin Katsina-Ala.